Bil Ɗin Da Bai Zo Ba: Tarihin Bashin Wuta Daga ECN Zuwa Yau

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwa da datarsu ba za ta kai su saurari murya ba.

Yau maganar wuta za mu yi. Batun an kawo ko an ɗauke, wannan kullum muna yinsa a majalisa, don haka mu ajiye shi gefe. Abin da nake so mu duba shi ne takardar nan da ake soka mana a ƙofa ƙarshen wata, wato bil, da abin da ke biyo baya idan ta daina zuwa.

Bari in fara da gidanmu. Haya muke yi a Badarawa, ni da Umma da ƙannena uku. Umma tana da firiza guda ɗaya, da ita take yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kuma tun bayan rasuwar Baba rabin cefanen gidan daga nan yake fitowa. Gidan ba mita. Da muka tare, bil ya zo sau biyu, muka biya, daga nan ya ɗauke ɗif. Wata ɗaya, wata biyu, shiru. Umma ta ce mini, "Kai, je ka tambaya mana, kada abin nan ya taru." Na ce, "Haba Umma, wanda bai neme ka ba, me zai kai ka nemansa?" Wallahi a lokacin ji nake na yi wayo. Haka muka yi wata 14 muna shan wuta ba wanda ya ce mana uffan.

Ranar wata Talata, azumi yana kwana shida, sai ga masu wuta da tsani. Ba zan kira sunan ofis ko na mutum ba, don ba shi ne abin da ya kawo mu ba. Suka miƙo takarda mai ɗauke da bashin naira 387,000. Sunan da ke jiki ma ba namu ba ne, na mutumin da ya tashi ne kafin mu shigo. Suka hau falwaya suka cire waya suka naɗe. Umma ta zauna a kan tabarma tana kallon firizar da ta cika da kayan buɗa-baki, ba ta ce mini komai ba. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

A daren nan na ɗauko jakar takardun Baba ina neman yarjejeniyar haya. A ciki na ci karo da wani ƙunshi da aka ɗaure da kyauro: rasit-rasit na NEPA tun na shekarun 1980, lokacin yana saurayi a Unguwar Shanu. Kowane bil yana da lambar da mita ta nuna watan jiya, da lambar da ta nuna wannan watan, da bambancin da ke tsakani, da kuɗinsa. Ko ɗan firamare zai iya bin lissafin. Na zauna ina tambayar kaina, ta yaya muka tashi daga wannan takardar muka zo ga wadda aka miƙa mana yau? Tambayar nan ce ta sa na bi tarihin abin, kuma shi zan ba ku.

An fara kunna wutar lantarki a ƙasar nan a Legas a 1896, don gidajen Turawa da ofisoshinsu da fitilun titi. Kaduna kuwa sai a 1917 ta zama hedikwatar Arewa, bayan an taso daga Zungeru. A wancan zamani sashen ayyuka na gwamnati da hukumomin gargajiya ne ke riƙe da ƙananan injinan wuta gari-gari. A 1950 aka yi dokar da ta kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, ta fara aiki a 1951, ta tattara waɗannan injina a hannu ɗaya. Masu wuta a gida ba su da yawa, kuma ana kafa mita a gidaje. Ma'aikaci zai zo da littafi ya karanta lamba ya rubuta.

A 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja, NDA, wadda ta gina madatsar Kainji, aka kammala a 1968. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka haɗe ECN da NDA suka zama NEPA. Sunan nan ne ya zauna a bakinmu har yau. Mu da aka haifa a ƙarshen shekarun 1990 mun tashi muna ihun "NEPA!" idan an kawo wuta, kuma yaran da ke wannan ihun yanzu a layinmu an haife su ne bayan NEPA ta daɗe da mutuwa. A 1990 aka buɗe madatsar Shiroro mai megawat 600, kuma a kan Kogin Kaduna take, can cikin jihar Neja. Ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadarmu shi ne yake juya injin, wutar ta dawo mana ta babban layin da ke sauka a tashar Mando.

To a ina lissafi ya fara ɓacewa? Gari ya yi ta faɗaɗa. Ku dubi yadda Kawo da Hayin Banki da Unguwar Dosa da Malali da Rigasa suka cika suka batse. Kowane sabon gida yana son wuta, amma mita ba ta isa. Wadda ta lalace ba a sauya ta. Sai aka koma ga hanya mafi sauƙi: a ja maka waya yau, mita ta biyo baya. Kafin ta zo, a riƙa yi maka ƙiyasi. Wannan "kafin ta zo" ɗin, a wasu gidajen ta shekara 30 ba ta ƙare ba. Abin da aka fara a matsayin maneji na ɗan lokaci ya zama shi ne tsarin.

A 2005, zamanin Obasanjo, aka yi dokar gyaran fannin lantarki. Ita ta binne NEPA ta kawo PHCN, ita ce kuma ta kafa NERC, hukumar da ke sa ido a kan harkar da tsara farashi. Aka yanka PHCN gida 18: kamfanonin samar da wuta 6, na dakon wuta 1, na rarrabawa 11. Ranar 1 ga Nuwamba 2013, zamanin Jonathan, aka miƙa yawancinsu ga 'yan kasuwa. Namu na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, an samu jinkiri a cinikinsa, sai a Disamba 2014 aka miƙa shi. Babban alkawarin da aka yi wa talaka a lokacin shi ne mita. An ce ɗan kasuwa ba zai yarda ya sayar da kaya ba awo ba.

Ku lura da abin da ya biyo baya. A 2012 NERC ta fitar da ƙa'idar yadda za a riƙa yin ƙiyasi. A taƙaice, a auna wutar da ta shiga yanki, a cire abin da masu mita suka sha, a cire asarar hanya, ragowar a raba wa marasa mita. Kun ga matsalar? Idan maƙwabcinka yana satar wuta, ko wani yana walda da daddare ba a san da shi ba, wani kaso na abin da suka sha zai iya faɗowa a kanka. A 2013 aka kawo shirin CAPMI, ka biya kuɗin mita da kanka a riƙa mayar maka a hankali. Aka dakatar da shi a 2016. A 2018 aka fitar da tsarin MAP, wasu kamfanoni daban su kawo mita. A Fabrairu 2020 NERC ta soke tsohuwar ƙa'idar ƙiyasi, ta sa iyaka: kada a caji marar mita fiye da wani adadi, wanda ake lissafawa daga abin da masu mita na yankinsa suke sha. A ƙarshen 2020 kuma gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin raba mita kyauta da kuɗin Babban Banki, kuma Kaduna tana cikin garuruwan da aka fara da su.

Shiri huɗu, biyar, cikin shekara takwas. Duk da haka, rahotannin NERC na 2024 sun nuna cewa a cikin masu rajistar wuta kimanin miliyan 13 a ƙasar nan, fiye da rabi ba su da mita. Iyakar da aka sa ma ba a tsaya a kanta ba. A Fabrairu 2024 NERC ta sanar da cewa kamfanonin rarrabawa 11 ɗin nan sun caji marasa mita sama da naira biliyan 105 fiye da ƙa'ida tsakanin Janairu da Satumba 2023. Ta ci su tarar naira biliyan 10.5, ta kuma ce a mayar wa mutane rarar a cikin bil ɗinsu. Wannan ba hirar majalisa ba ce, hukuma ce ta faɗa da bakinta.

Yanzu mu dawo kan bil ɗin da bai zo ba, don nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami kamar yadda na faɗa. Rashin zuwan bil iri biyu ne. Na farko, sunan gidan yana cikin kwamfuta, duk wata ana ɗora masa kuɗi, takardar ce kawai ba ta iso ba. Ko mai rabawa bai gane gidan ba, ko an sauya shi, ko ya ajiye a shagon bakin layi iska ta kwashe. Kai kana ganin shiru, bashi kuwa yana hawa kamar tururuwa tana gini. Na biyu, an ja wa gidan wuta amma ba a shigar da shi rajista ba, sai ranar da aka gano shi a zauna a yi lissafin baya a dunƙule. Ko wanne ne, ƙarshensa ɗaya: kuɗin da za ka iya biya da kaɗan-kaɗan ya zama dutsen da ba ka iya ɗagawa. Kuma kada ka ce idan ka samu mita mai kati ka tsira. Sau da yawa tsohon bashin ake ɗorawa a kan sabuwar mitar, duk lokacin da ka sayi yunit a zabtare wani kaso.

Marar mita ko a cikin duhu hankalinsa ba ya kwanciya. Ku tuna Oktoba 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda ba wuta, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Mando, ɗaya layin da ke kawo wuta ta Binuwai shi ma ya faɗi. Mai mita ya san ko yunit ɗaya bai kashe ba. Marar mita kuwa sai dai ya zauna ya jira ya ga abin da za a rubuto masa.

Ba na so ku ɗauka talaka ne kaɗai ake bi bashi a wannan harka. Gaba ɗayanta a kan bashi take tsaye. Mu kamfanin rarrabawa yana binmu, shi kuma kamfanin dillancin wuta na gwamnati, NBET, yana binsa, masu samar da wuta suna bin NBET, masu iskar gas suna bin masu samar da wuta. A Janairu 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwar Kaduna Electric saboda bashin da ya kai kimanin naira biliyan 110, ta naɗa mai riƙo. A Agusta 2024 kuma, duk wanda ke garin nan ya ji labari: hukumar tara haraji ta jihar Kaduna ta rufe ofishin kamfanin a kan harajin naira miliyan 600, kamfanin kuma ya yanke wutar Gidan Gwamnati a kan bashin da ya ce ya kai naira biliyan 2.9. Bayan 'yan kwanaki aka zauna aka sasanta. Kun ga bambancin? Babban mai bashi ana zama da shi a kan tebur. Ƙaramin mai bashi, tsani ake kawo masa.

Bari mu leƙa waje kaɗan, don mu ga yadda wasu suka yi da irin wannan matsala. A Birtaniya ma an daɗe ana kuka da kamfanonin wuta da gas da kan yi shiru shekara biyu, uku, sannan su aiko da bil mai nauyi. Hukumar da ke sa ido a can, Ofgem, ta sa doka daga 1 ga Mayu 2018: idan kamfani ne ya kasa cajin gida daidai, ba shi da ikon neman kuɗin wutar da aka sha fiye da wata 12 baya. Abin da ya wuce shekara, asarar kamfani ce. Amma dokar ba ta kare mai wayo ba. Wanda ya hana a karanta mita, ko ya saci wuta, zai biya duka. Hikimar da ke ciki mai sauƙi ce. Idan sakaci yana jawo wa kamfani asara, zai gyara littafinsa. Idan kuwa duk sakacin da ya yi a kan mai saye zai sauka, me zai sa ya damu?

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Je ka Kasuwar Kawo ko Kasuwar Barci. Mai shagon da ke ba da kaya bashi yana da littafi, yana rubutawa a gabanka. Idan ya yi shekara bai rubuta ba bai tuna maka ba, sannan ya zo ya faɗi adadi daga kansa, dattawan kasuwa ba za su goya masa baya kai tsaye ba. Za su ce kai ka biya abin da ka ci, shi kuma ya kawo shaida. A addini ma, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Don haka ni ba ina cewa a sha wuta kyauta ba. Mun sha, haƙƙi ne mu biya. Abin da nake cewa shi ne awo da rubutu nauyin mai sayarwa ne, kuma bai kamata a bar shi ya yi barci a kan nauyinsa sannan ya farka a wuyan bazawara mai firiza ɗaya ba.

Ga yadda tamu ta ƙare. Washegari na ɗauki yarjejeniyar haya da rasit biyun da muka biya na tafi ofis. Na rubuta ƙorafi, na sa aka buga hatimi a kwafin da zan riƙe. Allah Ya haɗa ni da wani dattijo mai haƙuri. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan bashin ya girme mu a gidan." Ya duba kwanan wata ya ce, "Samari, gaskiyarka. Amma kai ma wata 14 ina ka shiga?" Ban da amsa. Aka ware abin da tsohon ɗan haya ya bari, wanda ya fi rabi, aka bar mana namu, muka yi yarjejeniyar biya wata-wata. Kwana biyar aka yi kafin a mayar da waya. Kayan firiza sun lalace, masu sayen ƙanƙarar Umma sun koma wani gida a tsakiyar azumi, lokacin da ta fi samun ciniki a duk shekara. Wannan asarar ba ta cikin bil ɗin kowa, kuma wani ɓangarenta wayona ne ya jawo.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowannenmu. Idan bil ya daina zuwa, kada ka yi murna. Je ka ofis a watan farko, ka nemi lambar asusun gidan, ka ga abin da ke kai. Ka rubuta musu cewa ba ka samun bil, ka riƙe kwafi mai hatimi, ka ɗauki hotonsa a waya. Ka riƙa ajiye kuɗin wata a gefe ko ba a nema ba. Kafin ka kama haya, ka nemi ganin bil na ƙarshe kamar yadda kake duba ko rufi yana yoyo. NERC ta sha bayyana cewa bashin tsohon ɗan haya ba ya hawa kan sabo, amma takardar haya mai kwanan wata ce za ta fitar da kai. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi a bakin falwaya ba rasit. Idan ka kai ƙorafi a rubuce, kamfani yana da kwanakin aiki 15 ya warware. In bai yi ba, akwai ofishin sauraron ƙorafi na NERC a nan Kaduna, a can ake ɗaukaka ƙara, kuma ba sai da lauya ba.

Sai kuma babban aikin, wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki don jihohi su iya yin dokar lantarki, a Yuni 2023 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki. A 2024 jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo suka karɓi ikon sa ido a kan kasuwar wutarsu. Ma'ana maganar nan ba ta tsaya a Abuja kaɗai ba, tana iya shiga zauren Lugard Hall, inda wakilanmu suke zama, kuma daga Badarawa kuɗin Keke ɗaya ne. Abu uku nake so mu nema a wurinsu da wurin NERC. Wa'adi bayyananne, wanda in ya wuce kamfani ba zai nemi kuɗin da shi ya kasa caji ba. Saƙon waya duk wata ga kowane gida marar mita, don kada a ce takarda ta ɓace. Sannan a rubuta haƙƙin mai saye da Hausa, a manna a bangon kowane ofishin biyan kuɗi, yadda Umma za ta karanta da kanta.

Ƙunshin rasit ɗin Baba yana nan a jakarsa, na ƙara namu a kai, na sa sabon kyauro. Ku ma yau da daddare ku duba naku. Wanda bai san lambar asusun gidansu ba, gobe ya je ya tambaya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu wuta mai ɗorewa, Ya raba mu da bashin da ba mu san da shi ba. Wassalamu alaikum.